Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dattawan Jami'ar Jihar Gombe: da me za a auna mai binciken ciwon ƙashi da gaɓɓai?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'a, da membobin Majalisar Dattawa, da malaman Kwalejin Kimiyyar Likitanci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya da basira.

Ranku ya daɗe, ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a wani asibiti a nan jihar. Ba ni da kujera a majalisarku. Amma duk hukuncin da kuka yanke kan irin binciken da za a ɗauka da daraja, a ƙarshe hannunmu yake faɗowa, domin mu ne ke riƙe gwiwar da ta kumbura, mu ne ke koya wa yaro taka ƙafa bayan an cire masa filasta. Abin da aka bincika shi muke aiki da shi. Abin da aka bari ba a bincika ba kuwa, sai mu yi ta kame-kame, majinyaci kuma ya biya da jikinsa. Dalilin wannan wasiƙa ke nan. Roƙona shi ne, idan kun zauna auna tasirin malamin da ke binciken cututtukan ƙashi da gaɓɓai, ko don ƙarin girma ko don ba shi tallafi, ku sa wannan tambaya a kan gaba: wace matsala ta mutanenmu ya ɗauka, kuma me ya canza a yadda ake yi musu magani?

Na san ma'aunin da duniyar ilimi ke yayi. A 2005 wani masanin fiziks, Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya kawo lissafin da ake kira lambar h. Idan aka ce lambar malami 20 ce, ana nufin yana da takardun bincike 20 da ya buga waɗanda kowace ɗaya aka ambace ta aƙalla sau 20 a rubuce-rubucen wasu masana. Lissafi ne mai amfani, ba na musun haka. Yana tona asirin wanda ya tara takardu birjik babu mai karantawa. Sai dai ambato yana bin inda masu bincike suka yi yawa ne, da inda kuɗi yake. Takarda kan zaizayar ƙashi a tsofaffin matan Turai tana da dubban masu jiran ta fito su ambata. Takarda kan ƙugun budurwa mai sikila a Dukku ko Bajoga, masu aiki a wannan fanni ba su taka kara sun karya ba, komai kyawunta. Idan lambar kaɗai aka duba, malami mai wayo zai gane inda riba take, ya juya wa ƙugun nan baya. Wani kuma zai ɗauki bincike ɗaya ya yayyanka shi gida huɗu don takardu su yi yawa, ko ya kai kuɗinsa ga mujallun nan na biya-a-buga, waɗanda ba sa tace komai. Su kansu masanan ƙasashen waje sun ga wannan illa. A 2012 wasu masana da editocin mujallu suka haɗu a San Francisco, suka tsara sanarwar da ke kira da a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga a ciki, a koma karanta aikin kansa.

Ina da misali, kuma ba daga nesa zan ɗauko shi ba. Daga Jos ne, garin nan da muke ratsa Bauchi mu isa.

Shekara da shekaru littattafan likitanci suna koyar da cewa laushin ƙashin yara, wanda ke kawo gwame da bakan ƙafa da kumburin wuyan hannu, rashin bitamin D ke jawo shi. Fatar mutum kuwa da hasken rana take haɗa wannan bitamin. To, yaran Jos a rana suke wuni, amma ga su ana ta kawo su asibiti da ƙafafu a lanƙwashe. Wani likitan iyali mai suna Tom Thacher, wanda ya yi shekaru masu yawa yana aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ya ƙi barin wannan saɓani ya wuce shi. Tun a 1978 wani likitan yara, John Pettifor, ya nuna a Afirka ta Kudu cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci shi kaɗai yana iya kawo cutar. Thacher da abokan aikinsa, ciki har da likitocin Najeriya da shi Pettifor ɗin, suka gwada maganar a aikace. Suka ɗauki yara 123 masu cutar, suka kasa su uku: wasu aka yi musu allurar bitamin D kawai, wasu aka ba su kalsiyam kawai, wasu aka haɗa musu duka biyun, aka bi su tsawon mako 24. Waɗanda suka sha kalsiyam, shi kaɗai ko a haɗe, kusan kashi 60 cikin ɗari ƙashinsu ya warke ko ya kusa. Waɗanda aka yi wa bitamin D kawai, kashi 19 ne. Da aka auna abincin yaran, abin da suke samu na kalsiyam a yini bai wuce wajen miligiram 200 ba, domin tuwon masara da dawa ne cimarsu, nono da madara kaɗan ne, ga kuma wani sinadari a dusar hatsi da ke kama kalsiyam ya hana hanji tsotse shi. Mujallar New England Journal of Medicine ta buga wannan aiki a 1999.

Ku dubi abin da ya biyo baya, ranku ya daɗe. Don su iya gane ko yaro na samun sauƙi, sai suka tsara wata hanya ta karanta hoton wuyan hannu da na gwiwa, a ba shi maki daga sifili zuwa 10. An buga ta a 2000. Wannan ma'auni da aka haifa saboda buƙatar asibiti a Jos, shi aka yi amfani da shi shekaru bayan nan a gwaje-gwajen wani sabon magani mai suna burosumab, na wani nau'in laushin ƙashi na gado, wanda aka amince da shi a Amurka da Turai a 2018. A 2016 kuma, da masana daga ƙasashe daban-daban suka fitar da matsaya ɗaya kan laushin ƙashin da abinci ke jawowa, sun sa ƙarancin kalsiyam a sahu ɗaya da ƙarancin bitamin D, suka ce yaron da ya haura shekara ɗaya, in abin da yake samu ya gaza miligiram 300 a yini, yana cikin rashi. Mutanen Jos ba su tsaya nan ba. Da suka ga ƙwayar kalsiyam ta kemis na yi wa talaka tsada, sai suka gwada garin busasshen kifi da ƙayarsa, da garin dutsen farar ƙasa, suka ga dukansu suna gyara ƙashin yaran.

Ga mai son ƙirga ambato, wannan aiki ya samu ambato mai yawa. Amma ambaton biyo baya ya yi. Abin da ya zo farko shi ne likita ya tsaya ya kalli ƙafar yaron da ke gabansa, ya yarda da idonsa fiye da littafi, ya kuma samu wurin aikin da ya bar shi ya zauna kan tambaya ɗaya shekara bayan shekara. Irin wannan zama nake roƙa wa matasan malamanku.

Kada a ɗauka ina raina aikin ɗakin gwaje-gwaje, na masu kallon ƙwayoyin halitta a madubin likita. Ƙashi abu ne mai rai. Akwai ƙwayoyin da ke kankare tsohon ƙashi, akwai masu bin bayansu suna cike gurbin da sabo, kamar yadda ake kankare katangar ƙasa a sake yaɓe ta kafin damina. A jikin baligi kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙashinsa ake sabuntawa haka kowace shekara. A 1997 da 1998 masu bincike a Amurka da Japan suka gano sinadarin da ke ba masu kankara umarnin fara aiki, wanda ake kira RANKL, da kuma wanda ke taka masa birki. Sai a 2010 wannan sani ya zama allurar denosumab, da ake yi wa masu zaizayar ƙashi duk bayan wata shida. Haka ma Ravinder Maini da Marc Feldmann a Landan, waɗanda suka nuna cewa sinadarin TNF ne ke rura kumburin amosanin gaɓɓai mai murɗe yatsu, suka gwada toshe shi a jikin majinyata a 1992, maganin cutar ya canza gaba ɗaya, har aka ba su lambar yabo ta Lasker a 2003. Irin wannan aiki yana ɗaukar shekaru kafin ya isa gadon majinyaci, kuma kwamitin da ke ƙirga takardun shekara uku ba zai hango shi ba. Sai wanda ya zauna ya karanta, ya fahimci inda mai binciken ya nufa.

Yanzu bari in dawo gida, in faɗi abin da muke gani.

Akwai wata yarinya mai sikila da aka kawo mana, ba ta kai shekara 20 ba. Da gwiwa ta fara kuka, aka yi ta shafa mata mai a gwiwa, alhali ciwon daga ƙugu yake saukowa. Da na kwantar da ita na ɗaga ƙafar na ɗan juya ta ciki, sai ta damƙe bakin gado da hannu biyu, ba ta yi ƙara ba, hawaye kawai. Da aka auna, ƙafar ta gajarce. A hoto, kan ƙashin cinya wanda ya kamata ya fito a mulmule ya riga ya lotsa. Abin da ya faru sananne ne: jajayen ƙwayoyin jini masu siffar lauje sun toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini, ƙashin ya mutu, nauyin jiki ya danne shi. A farkon cutar hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna komai, sai na'urar MRI, kuma a wannan matakin ne ake da damar ceton gaɓar. Mahaifiyarta ta tambaye ni, "Likita, da mun zo da wuri, da hakan ba ta faru ba?" Ranku ya daɗe, wannan tambaya ce ta bincike. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, ana ƙiyasta kusan 150,000 a shekara. Tun a 1960 likitoci a Ibadan suka rubuta yadda ƙwayar cutar salmonela ke kama ƙashin yaran Najeriya, kuma masu sikila ne ta fi addaba. A wane shekaru ƙugun yaranmu ke fara lalacewa? Wace alama ce ma'aikacin lafiya a ƙauye zai gani da hannunsa ya tura yaro gaba tun kafin ya fara ɗingishi? Shan maganin sikila mai suna hydroxyurea tun ana ƙanana yana rage abin a wajenmu? Malamin da ya ɗauki rukunin yara masu sikila ya bi su shekara goma zai amsa wasu daga cikin waɗannan, amma a shekarunsa na farko takardunsa ba za su yi yawa ba. In ma'auninku bai yi masa uzuri ba, ba zai fara ba.

Sai maganar ruwa a kudancin jihar. Duk wanda ya zauna yankin Kaltungo ya san haƙoran nan masu dabbare-dabbaren ruwan ƙasa. Masana ilimin ƙasa sun auna ruwan rijiyoyi da burtsatse a yankin, sun samu wasu sun haura iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa sinadarin fulorayid, wato miligiram 1.5 a lita. Haƙori dai shi ne abin da ido ke gani. Sinadarin da ya shiga haƙori yana shiga ƙashi, ya sa shi ya yi kauri amma ba ƙwari, jijiyoyin da ke riƙe gaɓɓai su sandare, baya ya ƙage. A Indiya an nuna cewa inda fulorayid ya yi yawa kuma kalsiyam ya yi kaɗan a abinci, ƙafafun yara sun fi lanƙwashewa. Mu ga mu da abu biyun a wuri ɗaya, ruwan da kuma tuwon. A ganina babu wata tambaya ta kimiyyar ƙashi da ta fi wannan zama tamu. Jami'arku na da masana duwatsu, da masana haɗa sinadarai, da likitoci. Idan suka haɗu suka auna ruwa unguwa-unguwa, suka ɗauki hoton ƙashin yara da manya, suka duba abin da ake ci, sakamakon zai gaya wa gwamnati wace rijiya za a rufe, ina za a kai famfo. Kuma ina da yaƙinin masanan Habasha da Tanzaniya da Indiya, masu fama da irin wannan ruwa, za su karanta su ambata.

Tunda na ambaci garin kifi da dutsen farar ƙasa, ku tuna muna da madatsar ruwa ta Dadin Kowa da masuntanta, muna da dutsen da ake haƙa a Ashaka, muna da kuka da zogale waɗanda ganyensu ke ɗauke da kalsiyam, ga nono a rugage. Wanne daga ciki hanjin yaro ya fi tsotsa? Wanne ne babu gurɓata a cikinsa? Wanne uwa za ta iya saye kullum? Ba na so kowa ya karanta wannan ya je ya daka dutse ya ba ɗansa, domin sai an gwada an tabbatar da tsabtarsa. Gwajin nan aikin jami'a ne.

Maganar maɗora kuwa, gajarta ta zan yi, don kowa ya san ta. Yawancin masu karaya wajen maɗori suke fara zuwa, saboda kusa yake, kuɗinsa da sauƙi, an kuma yarda da shi tun kaka da kakanni. Wasu karayar suna ɗoruwa lafiya a hannunsu. Wasu kuma, musamman karayar gwiwar hannun yara, in aka ɗaure kara ya matse, jini ya tsaya, sai hannu ya shanye ko ya ruɓe, a ƙare da yankewa. Zagin maɗora bai hana ko mutum ɗaya zuwa wajensu ba. Malamin da ya zauna da su cikin mutunci, ya koya musu alamun da in sun gani za su kwance ɗauri su tura asibiti, sannan ya ƙirga ko yanke hannu ya ragu, ya yi aikin da ya cancanci kujerar farfesa.

Wani abu da tarihi ya koya mana shi ne haɗarin rashin ƙirga. A ƙarshen shekarun 1960, wani likita ɗan Birtaniya, Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi aiki a Zariya, ya duba bayanan asibitin Ibadan ya ga amosanin gaɓɓai mai murɗe yatsu bai cika yawa ba. Maganar ta zauna a zukatan likitoci tsawon lokaci, har ta zama kamar cutar ta Turawa ce. Sai da Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa a Legas suka tara majinyatansu, suka buga bayanin mutum 200 a 2010, sannan aka ƙara yarda cewa cutar na nan, ganewa ce ta yi ƙaranci. Mu a nan, mace za ta zo da yatsu a kumbure, ta ce da asuba ba ta iya riƙe buta, an yi shekaru ana ce mata sanyin ƙashi ne, tana shan maganin kashe zafi na kemis har ya fara cin cikinta. Wata dattijuwa kuma gwiwa ce ta cinye, guringuntsi ya ƙare, sallah ma sai a zaune, kuma abin da ya fi damunta ke nan, ba zafin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da irin wannan zaizayar gaɓa a duniya. Nawa ne a Gombe? A inda nake aiki, majinyaci da hotonsa yake tafiya gida, ya naɗe shi ya sa a ƙarƙashin katifa, in ya dawo bayan shekara sai a buɗe sabon kati a fara daga farko. Bayanin da zai zama tushen bincike haka yake zubewa kullum.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. A kafa rajista ɗaya ta cututtukan ƙashi da gaɓɓai, jami'a ta riƙe ta tare da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da manyan asibitocin jiha, a ajiye hotuna a kwamfuta, da izinin majinyata da kare sirrinsu. Wanda ya gina wannan rajista ya kula da ita, a lissafa masa a ƙarin girma kamar yadda ake lissafa takarda, domin takardun wasu a kanta za su tsiro. Idan malami ya zo neman matsayi, a ce ya zaɓi ayyukansa uku ko huɗu da ya fi alfahari da su, ya rubuta a shafi ɗaya abin da kowanne ya canza, masu tantancewa su karanta aikin da kansu, lambar h ta zo a matsayin ƙarin shaida. A taimaka wa matasa wajen neman tallafin bincike na TETFund, wato asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, da na waje, a kuma rage wa wanda ya samu nauyin aji, don kada lokacin binciken ya ƙare a makin takardun jarrabawa. Idan baƙi suka zo haɗa gwiwa, maraba da su, amma a rubuta tun farko cewa ɗanmu yana cikin masu tsara tambayar da masu rubuta sakamako, kada aikinsa ya tsaya a ɗibar jini da tura samfur.

Ƙari ɗaya: duk binciken da aka kammala a kan mutanen wani gari, a koma garin a gaya musu abin da aka samu, da Hausa, da Tangale, da Fulatanci, da Tera, a fadar hakimi ko a rediyo. Uwar da ta yarda aka ɗauki hoton ƙafar ɗanta tana da haƙƙin jin amsa.

Mu ma'aikatan gashin ƙashi, da nas-nas, da masu ɗaukar hoto, a shirye muke mu cike fom, mu auna gaɓa, mu bi majinyaci har gida in an ba mu tsari. Idan majalisa ta ga dacewar kafa kwamiti a kan wannan magana, ina roƙon a sa ɗaya daga cikinmu a ciki, a kuma gayyaci wakilin ƙungiyar masu sikila da wakilin maɗora.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Ma'aikacin sashen gashin ƙashi,
Gombe.